Ranar da shanun Jauro sunka amsa bafle

Hannuna na kan bafle, lasifikar rumfata, ina laluben inda ake rage murya, sai jar saniyar ta ture teburin mai goro ta nufo rumfata. Wasu na biye da ita, ƙahoni sama, ɗaya na jan turken da ta tumɓuke. Ran kasuwa ne, Dakoro ta cika maƙil, mutane na watsewa hagu da dama, wata tsohuwa mai hura ta rungume ƙwaryarta tana salati. Ni kuwa ban gudu ba, don na gane saniyar tun daga nesa, kuma na san abin da ya kira ta. Muryar abokina Jauro ce ke fita daga baflen, shina kiran shanunshi. Ni na kunna.

Ta zo har bakin rumfa ta tsaya. Ba ta taɓa kowa ba. Ta sa hanci jikin baflen tana shinshina, ta leƙa bayanshi, ta leƙa ƙarƙashin tebur inda nake jera salulolin mutane masu sharje, wato caji, tana neman mai muryar. Dillali ya iso da gudu, rawaninshi ya kwance, shina tambaya ɗan gidan wa ne ni, in kashe abin nan tun bai fasa shi ba. Na kashe. Da numfashinshi ya dawo ya ce shanun nan an sayar da su tun da hantsi, wani alhaji daga kudu ya kwashe su duka, kuma mai su ya roƙe shi kar a ambaci sunanshi cikin kasuwa. Ya dube ni ya ce ga shi ni na yi mishi shela da bafle.

Wanda bai san rijiyarmu ba ba zai gane yadda muryar makiyayi ta shiga baflen mai zuba waƙoƙi a kart memuwar ba, don haka sai na koma can. Furfura ko ɗaya babu a kaina, amma in na fara zancen rijiyar nan sai in ji bakina ya zama na tsofaffi, don abin da nake faɗi babu shi yanzu. Na bar lakwal, makarantar boko, da wuri. Mushe, malaminmu, ya gaya ma babana ɗuwawuna da benci ba su shiri, babana kuwa bai yi gardama ba, ya haɗa ni da jaki da bido, jarkar ɗibar ruwa, ya ce tunda zama ya gagare ni, to ga tafiya. Rijiyar tana bayan gari, mai zurfi ce ƙwarai, sa ke jan igiya shi yi nisa kafin wasaki shi fito. Kowa da layinshi, masu garke na gaba, mu masu bido sai abin da ya rage. Sai ka isa da hantsi, rana ta take, ta fara karkata, kana nan zaune gindin aduwa. Kuma wurin ba ya shiru. Icen da igiya ke zamewa a kai shina kuka kamar ɗan akuya, ruwa shi zuba cikin komi, raƙumi shi yi gunaguni, wani shi daka ma sa tsawa da Fulatanci wani shi amsa da Buzanci, bidon da babu kome ciki shi faɗo daga jaki shi yi ƙara mai zurfi. Daga wannan faɗuwar bidon abin namu ya fara.

Mu uku ne kullum, sauran masu zuwa ne da tafiya. Ni, da ɗan maƙerin unguwarmu da muke kira Maƙeri kawai, da Jauro, wanda ba sarautar kome gare shi ba, tafiyarshi ce ta manya tun shina ƙarami. Shi kuma bai taɓa kirana da sunana ba, Kaɗo ne ni har gobe. Da fari duka kawai muke, kowa na son a ji nashi. Kakata ce ta gyara mu ba da niyya ba. Ta zo wanki wata rana ta ji mu, ta ce mun yi kama da taron suna inda kowa ke magana ba mai saurare. Da munka koma gida ta tsayar da ni bakin turmi tare da yayyena mata, ta miƙo mini taɓarya, maza na wucewa suna dariya. Na buga taɓaryar yayata har ta kusa fashe mini haɓa. Kaka ta ce in daina kallon hannuna, in saurari ta yayata, in na ji ta fita sannan in saki tawa. Na sha zagi ran nan, amma kafin hatsin ya daku na ji yadda lugude ke tafiya, kowa na faɗawa cikin gurbin da ɗan'uwanshi ya bari. Washegari na kai ma su Jauro wannan.

Abin da muke yi ba shi da suna. In an tambaye mu sai mu ce hira muke. Babu waƙa, babu shugaba, ba mu taɓa maimaita na jiya ba, ko mun so ba mu iyawa. Doka ɗaya ce: duk ƙarar da ta shigo, a amsa mata. In icen rijiya ya yi kuka, daga nan za a tashi. In jaki ya katse mu, jakin ya shiga hira, sai a bi shi. Maƙeri ya ɗaure wayar birkin moto a kan gwangwanin tumatir da sanda, shina murza ta da ƙusa, tana fidda wata murya mai tsami da ke sa haƙori ƙaiƙayi. Ni ina da bido iri-iri, mai ruwa rabi da wanda babu kome, da wata tsohuwar rediyo da ba ta kama tasha sai shuuu, ina murɗa ta a hankali. Ƴan mata in sun ga dama su kife ƙwarya cikin komi su riƙa bugawa, in sun gaji su tafi ba sallama. Jauro sarewar kara gare shi, amma ya fi kowa iya yin shiru. Sai shi bari abu shi yi ta tafiya har ka manta shina nan, sannan shi saka sauti ɗaya tak a inda ba ka zata ba, duk abin shi juya. Wata rana kuma abin shi ƙi, mu yi ta karo da juna har mu watse da faɗa. Wani makaɗin gari ya taɓa tsayawa ya saurare mu, ya tambaya wa muke ma kirari, munka ce babu, ya tambaya ina amshi, munka ce babu, ya girgiza kai ya ce Allah shi ba mu lafiya. Babana ya damu da fari, shina tsoron ɗanshi ya zama maroƙi. Da ya tabbata ba mai ba mu kome, sai hankalinshi ya kwanta, ya ce to hauka ce, ita kuwa ana warkewa.

Ranar da ba ni mantawa, bazara ce, zafi ya kai inda ko ƙuda ya nemi inuwa. Muna ta bugawa a hankali, wayar Maƙeri na ja kamar mai kuka, sai Jauro ya aje sarewa, ya rufe ido, ya saki wata murya daga can cikin wuya, doguwa, ta hau ta karye ta sake hawa. Ban taɓa jin ya yi ta kusa da mu ba. Ta zauna cikin bugun kamar don ita anka yi shi. Ba mu tsaya ba. Sai ga shanun babanshi sun baro komi ɗaya bayan ɗaya, jajaye masu dogon ƙaho, sunka kewaye aduwar sunka tsaya. Numfashinsu ya shiga hirar, da ƙarar kofato, da karon ƙaho da ƙaho. A gaba akwai wata karsana mai tafiyar ƙasaita, sunanta na Fulatanci ya gagari bakina, na sa mata Hajiya, ita ce jar saniyar da ta ture teburin mai goro. Ta zo ta ɗora hanci a kafaɗar Jauro. Da munka gama, maimakon shi yi murna sai na ga ya tashi da sauri ya kwance ƙullin kanwa daga jakarshi ya bi su shina ba kowace ta lasa. Na tambaye shi mene ne na gaggawa. Ya ce kiran nan ba waƙa ba ne, na gidansu ne, babanshi ya karɓa wurin nashi uban, kuma ba a yin shi hannu wofi. In ka kira, to akwai ruwa, ko kanwa, ko ciyawa a inda za ka kai su. In ka kira su a banza sun fara shakkarka ke nan, ran da kura ta zo ko ɓarawo, za su tsaya tunani. Ya ce yau ma ya yi ganganci, daɗin bugun ne ya ja shi. Bayan nan ba ya saka kiran cikin hira sai jefi-jefi, kuma kullum da kanwa a jaka.

Yanzu foraj ne a wajen, rijiyar burtsatse, da pano na hasken rana a sama da famfo a ƙasa. Ka zo, ka cika, ka tafi, ba mai zama. Na san ci gaba ne, uwata ba ta ƙara jiran ruwa har la'asar ba, ba ni cewa a koma. Amma yaran da ke zuwa da bido kowa da abin sauraro toshe a kunne, suna tsaye kafaɗa da kafaɗa kowa na jin nashi daban, kuma ni ne nake zuba musu abin da suke ji. Aduwar an sare ta. Inda shanu ke kwanciya gonaki ne. Maƙeri ya bi masu haƙar zinariya arewa, sai da salla ake ganinshi. Jauro ya gaji garken bayan rasuwar babanshi, shekara na zuwa burtali na ƙara matsewa, wajen Azagor da suke zuwa da damina ba kullum ake kwana lafiya ba. Ni na yi kabu-kabu, na yi tallan katin waya, na je Maradi na dawo, na ƙare a rumfar nan.

Da wata salla Allah ya haɗa mu ukun, munka tafi bayan gari da bido da wayar Maƙeri, garken Jauro na kiwo kusa. Na fiddo salula na aje a kan ƙasa. Jauro ya ce, Kaɗo, mayar da abin nan aljihu, abin da munka yi a nan a nan zai tsaya. Na mayar da ita aljihu tana ɗauka. A raina ajiya nake yi, don na ga alamar ba za mu sake haɗuwa haka ba. Ran nan hirar ta yi kyau fiye da duk yadda na sani, kuma can wajen ƙarshe ya saki kiran. Na yi ta saurare ni kaɗai. Daga baya na fara sa ma wanda ya zo zuba waƙoƙi a matsayin gyara, in ce mishi ga abin da babu a salular kowa. Makiyaya sun fi kowa so. To ran kasuwar nan wani saurayi ya tsaya shina raina kayana, wai duk abin da gare ni ya riga ya ji. Na ce tsaya ka ji namu na Dakoro, na haɗa da bafle na ƙure murya. Ban san shanun Jauro na cikin kasuwa ba. Bai gaya ma kowa ba, ko ni.

Da a nan abin ya tsaya, da kunyar mai ɗaukuwa ce. Yaran alhajin sunka zo sunka kora shanun zuwa inda kamiyo, babbar motar ɗaukar shanu, ke jira, an jingina bayanshi da tudun lodi. Na rufe rumfa na bi su, ban san dalili ba. Duk wanda ya san irin shanun nan ya san ba su bin baƙo. Sunka tirje. Anka murɗe wutsiya, anka ja, anka tura, Hajiya ta kafe ƙafafu a bakin tudun, sauran kuma ba mai motsawa sai ta motsa. Sai sanda ta fara sauka, a gadon baya, a haƙarƙari, har a fuska. Apranti, yaron motar, shi ne ya hango ni, ya raɗa ma alhajin wani abu. Alhaji ya yafuto ni, da fara'arshi, ba mugun mutum ba ne, rana ce ke ƙure mishi.

"Samari, ɗauko mana na'urar nan taka. Ka ga sun fi jin maganarta."

Na ce Alhaji a yi haƙuri, ba abin wasa ba ne. Ya ce shi ma ba wasa ya zo ba, in ina da wata dabara in faɗa, in babu yara su ci gaba. Yara sunka ci gaba. Na ga jini a gefen idon Hajiya. Na koma da gudu na ɗauko baflen.

Har yau in na kwanta ina juya abin, in ce tausayi ne ya kai ni. Akwai tausayi. Amma lokacin da nake ratsa mutane da bafle a kafaɗa ana buɗe mini hanya, akwai wani abu a ƙirjina da ke jin daɗi, yau kasuwa duka za ta ji hirarmu. Apranti ya hau ya aje shi can gaba cikin kamiyon. Na kunna ta salula daga inda nake tsaye. Bidona ya fara, wayar Maƙeri ta shigo, anka ji dariyata a ciki, sannan kiran. Hajiya ta ɗaga kunne. Ta hau tudun da kanta, da wannan tafiyar tata, sauran na biye, ta wuce har ƙuryar kamiyon tana neman ruwa ko kanwa ko mai muryar. Apranti ya zaro baflen ta sama ya miƙo mini, anka rufe ƙofa. Mutane sunka yi tafi. Wani dillali ya ce daga yau kowane mai lodi sai ya nemi irin wannan, wani na jan rigata wai in zuba mishi.

Da na juyo na ga Jauro. Shina tsaye gindin icen bedi bayan mai shayi, sanda a kan kafaɗu, hannuwa rataye a kanta, malfa ta rufe rabin fuska. Ban san tun yaushe ba. Na so ƙasa ta buɗe. Na je wurinshi da baflen a hannu, don ban sami inda zan aje shi ba.

Ya gaishe ni kamar kullum. Kaɗo ina wuni, ina gajiya, ya kasuwa, ya tsohuwa da ƙafa. Na amsa. Na fara cewa ban sani ba, ya ɗaga hannu kaɗan. Ya ce tun asuba ya miƙa su ga dillali ya zo nan ya zauna, don in sun gan shi ba za su tafi ba, shi kuma in ya matsa kusa bai san abin da bakinshi zai yi ba. Ya yi shiru irin nashi, har na zaci ya gama.

"Cikin hirar nan da ka sa, Maƙeri ya shigo daidai," ya ce. "Ni ne na yi saurin shiga. Da na ƙara jira."

Na ce Jauro, don Allah ka zage ni.

"Me zan ce maka, Kaɗo? Muryata ce. Saniyar ba ta san kai ne ba."

Kamiyon ya tashi. Bai juya ya kalla ba. Ya gyara malfa, ya ce a gaida gida, ya bi ta bayan rumfunan masu igiya ya fita kasuwa.

Ban buɗe rumfa ba sauran yinin, masu sharje sunka yi ta nemana har gida. Na kira Jauro, salular na shiga ba a ɗauka. Rubutu ba ya karantawa, ni ma nawa ba wani na kirki ba ne, don haka washegari da safe na zauna bayan ɗaki na yi mishi saƙon murya. Na yi na goge, na yi na goge. Wanda na tura shi ne wannan:

"Jauro, ni ne Kaɗo. Ran salla da ka ce in mayar da salula aljihu, ban kashe ta ba. Na goge nawa yanzu, amma na riga na zuba ma mutane da yawa, wasu ko sunansu ban sani ba, ba ni iya karɓo shi. In ka ji kiran gidanku a salular wani a ruga ko a tasha, kar ka zargi kowa, ni ne. Na biyun kuma, na cikin kamiyo, ba wanda ya tilasta ni, da ƙafata na je na ɗauko. Ba ni cewa ka amsa mini. Ciwon idon Hajiya ba mai zurfi ba ne, na duba kafin su rufe. Na tambayi apranti ko za su ba su ruwa a hanya, ya ce za su tsaya su ba su. Ban sani ba ko gaskiya ya faɗa mini."